Kan 'Yar Mai Kitso

Shekara goma sha huɗu ke nan ina kitso a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Kujeru uku ne a ciki, da dogon madubi, da na'urar busar da gashi wadda sai an buge ta a gefe take tashi. Mu biyu muke aiki, ni da wata da kowa ke kira Doguwa. Ta girme ni da shekara shida, ta aurar da 'ya'ya mata biyu, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ko da kwastoma na zaune.

Duk kawunan da suka bi ta hannuna, babu wanda na sani kamar na 'yata ta fari, Bebi. Na san inda gashinta ya fi cika, na san inda take jin zafi idan an ja. Tun tana shekara uku, kowace Asabar da safe kafin mutane su fara zuwa, takan zauna a kan matashi tsakanin ƙafafuna in tsefe mata in sake sabo. Duk salon da ya zo mini a rai, a kanta nake fara gwadawa. Idan na gama in ɗauke ta hoto in ɗora a shafin shagon. Mata su zo da waya a hannu suna cewa, "Irin na 'yarki nake so." Ita kuwa a lokacin har juyi take yi a gaban madubi, tana kaɗa kai duwatsun suna ƙara.

Sai ta cika sha biyu ta shiga sakandare, sai ka ce an musanya mini ita a hanya.

Da, idan aka tashi makaranta shago take fara shigowa. Ta jefar da jaka a ƙarƙashin kujera, ta cika mu da labari: wace ta yi faɗa da wace, wane malami ya yi tuntuɓe a bakin aji. Har sai Doguwa ta ce ta bar bakin ya huta. Yanzu ta ɗaya gefen titi take bi da ƙawayenta, kai a miƙe, kamar shagon na wasu ne. Rannan na leƙa na kira ta, "Bebi." Ƙawayen suka waiwayo, ita ba ta waiwayo ba. Da na koma gida na tambaye ta dalili, sai cewa ta yi, "Mama, don Allah ki daina kirana haka a waje."

"To da me zan kira ki? Ranki ya daɗe?"

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ƙofar nan da ban taɓa sanin tana rufuwa ba, yanzu har ƙanwarta Auta sai ta ƙwanƙwasa kafin ta shiga ɗakin da gadonta ke ciki.

Duk tambayar da na yi mata, amsa ɗaya ce. Ya makaranta? Lafiya. Me ya faru kike ɓata rai? Ba komai. Me za ki ci? Ko mene ne. In na dafa ko mene nen kuma, ta tsakura cokali biyu ta ture.

Wata Asabar na shirya mataji da tsinke da man kitso, na ajiye matashi, na kira ta. Ta fito da ɗankwali ɗaure tamau.

"Yau ba zan yi ba."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Na kan nawa bai tsufa ba."

"Ni zan faɗa miki ko ya tsufa. Zo ki zauna, mutane za su fara zuwa."

"Ina da aikin makaranta."

Na ƙyale ta. Asabar ta gaba ta ce kanta na ciwo. Ta gaba ta ce an ba su karatu da yawa. Sati biyar aka yi haka. Ta tsefe da kanta, ta ɗaure gashin ta tura cikin ɗankwali, ko a gida ba ta cirewa. Ni da na san abin da gashi mai cika irin nata ke zama idan an bar shi, ina kallon ɗankwalin nan hannuwana suna ƙaiƙayi.

Na kai ƙara wurin Abbansu yana shan shayi kafin ya fita aiki. Shi mai gyaran lantarki ne, kuma a ganinsa duk abin da bai kama da wuta ba, ba matsala ba ne.

"Girma ne," ya ce. "Ki rabu da ita."

"Ai kai za ka faɗi haka. Kai tana yi maka dariya. Jiya ina jin ku kuna hira kusan awa guda, ina shigowa ta yi tsit kamar an ɗauke wuta."

"To ni ba na tambayarta ko ta yi wanka."

"Wani ne zai tambaya idan ban tambaya ba?"

Ya kurɓi shayinsa ya ce zai yi mata magana. Maganar da ya yi mata, ya dawo da yamma da sabon abin jin waƙa na kunne. Daga ranar ko kira na yi sai na yi uku.

A shago kuma Doguwa ba ta taimaka ba. "Tawa ta biyun shekara biyu ta yi ba ta yi mini murmushi ba," ta ce tana wanke kan wata. "Yanzu kullum sai ta kira ni ta tambaye ni gishiri nawa ake sawa. Ki yi haƙuri, za ta dawo."

"Shekara biyu? Kafin nan ai tsuntsu ya yi sheƙa a kan yarinyar nan."

Abin da ya tunzura ni, wata tsohuwar kwastoma ce, matar mai kantin magani. Tana zaune ina yi mata tsaga, tana latsa waya, sai ta ce, "Kwana biyu ba mu ga sabon hoton 'yar gidan ba. Ko an daina yi mata ne? Na gan ta jiya a hanya, ɗankwalin ya yi tudu kamar ta ɓoye kabewa." Ta yi dariya, na taya ta.

Asabar ɗin nan ban tambayi Bebi ba. Na shiga ɗakin ba tare da ƙwanƙwasawa ba, na zare abin kunnen, na ce ta wuce mu tafi shago. Ta buɗe baki, na ce ko kalma ɗaya ba na son ji. Ta biyo ni tana jan takalmi.

Da na cire ɗankwalin sai da na ja numfashi. Gashin ya cukurkuɗe, ta ƙeya ya dunƙule kamar soso. Awa ɗaya na yi ina warwarewa da mai da yatsu. Na wanke, na busar, na yi mata ƙananan kitso masu lanƙwasa zuwa gefe, wani salo da na daɗe ina son gwadawa, na sa duwatsu farare da shuɗi a jela. Awa huɗu muka yi. Ko da na ja da ƙarfi, da gangan sau ɗaya, ba ta motsa ba. Ban taɓa yin kitso mai kyau irin wannan ba, har Doguwa ta bar abin da take yi ta zo ta duba.

Na ɗauko waya.

"Mama, kar ki ɗauka."

"Juyo gefe."

"To kar ki ɗora."

"Ɗago haɓa. Ke da ba ki biya ba, har da sharaɗi?"

Na ɗora da yamma. Kafin magariba mata huɗu sun nemi in ba su rana.

Ranar Laraba wajen sha ɗaya ina tsaka da kan wata amarya aka kira ni daga makaranta. Malamar ajinsu ce. Ta ce Bebi lafiyarta ƙalau, amma in zo yanzu idan da hali. Na bar wa Doguwa rabin kai na fita, ko hannu ban wanke ba.

Ofishin ƙarami ne, da teburi cike da littattafan yara da fanka mai ƙara. Bebi na zaune a kan benci da hular makaranta ta ja ta har gira. Malamar, wata siririya mai tabarau da ba za ta wuce talatin ba, ta ba ni kujera, sannan ta jawo wata leda daga aljihun teburi ta ajiye a gabana. Kitsona ne a ciki. Jela sama da ashirin, da duwatsunsu farare da shuɗi.

"Mai shara ce ta gani a banɗakin 'yan mata," ta ce. "Ba mu sha wahalar gane mai su ba."

Kusa da ledar ga almakashina, ƙaramin mai jan hannu, wanda na kwana biyu ina zargin Doguwa da ɓatarwa.

Na miƙe na cire wa Bebi hular. Ta datse wasu daga tsakiya, wasu daga tushe har fatar kai ta bayyana, ta ƙeya kuma inda hannunta bai kai ba sun rage guda biyar suna reto. Gashin da na shekara tara ina renonsa. Hannuna ya ɗaga da kansa, ban san lokacin ba. Malamar ta ce, "Maman Bebi, zauna tukuna ki ga wani abu."

Ta miƙo mini waya. Zauren hira ne na 'yan ajinsu, wanda wata uwa ta gano a wayar ɗiyarta ta kawo. Hotunan shafina ne, an kwaso su. Ga Bebi tana shekara biyar babu haƙoran gaba. Ga ta tana kuka da rabin kai a tsefe, hoton da na rubuta a ƙarƙashinsa cewa kwalliya sai da haƙuri. Ga na ranar Asabar, an zana mata kunnuwan jaki, an rubuta farashi a goshinta. Sunan da suka sa mata Allon Talla. Wani ya rubuta cewa duk mai son hayar kanta ya yi magana da uwarta. Abin ya fara tun farkon zango.

"Mun kira iyayen waɗanda suka yi," in ji malamar. "Za a hukunta su. Amma ta ce mini ta roƙe ki sau uku ki cire hotunan."

"Ba ta taɓa faɗa mini ana yi mata wannan ba."

Bebi ta yi magana a karon farko, idonta a ƙasa. "Na ce miki ki cire. Kin ce wa zai kalle ni."

Na tuna. Ina tsaye a bakin murhu ranar, Auta na kuka, na faɗa ban ko juyo ba.

Ban san wa zan fara da shi ba. Yaran nan da iyayensu, ko malamar da ke kallona ta saman tabarau kamar ni ce ɗalibar, ko yarinyar da ta gwammace ta saci almakashi ta shiga banɗaki a kan ta buɗe baki ta yi mini bayani kamar mutum. Na sa hannu a takardar da aka ba ni, na bar tabon mai a jiki, muka fito.

A hanya tana gaba ina baya. Na yi niyyar yin shiru har gida, amma ban kai kwanar farko ba.

"Da kin ce mini, Mama ga abin da ake yi mini, da ban je makarantar nan na ɗaga ta ba?"

"Shi ya sa ban faɗa ba."

"Wato ni ce abin kunyar."

"Ban ce ba."

"To me kika ce? Ai ba kya cewa komai. Sai ba komai, ba komai, sai ga kai kamar ɓera ya ci."

Ta tsaya cak a gaban wani shagon taya, ta juyo. Fuskarta duk hawaye, amma muryarta ba ta rawa. "Kullum sai ki ce kan 'yata, kan 'yata. Kaina ne, Mama. Ni nake yawo da shi."

Masu faci biyu suka ɗago suna kallonmu. Da ni ce na faɗa wa uwata haka a titi, da ban kai gida da haƙora cikakku ba. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce ta wuce.

A shago amarya ta tafi. Doguwa ta cire hular ta duba. Na ce wa Bebi ta zauna in daidaita mata, in ga abin da za a iya ceta.

"Anti Doguwa nake so ta yi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Doguwa ta kalle ni. Na ja kujerar da ke kusa da ƙofa na zauna, na ce to, ga ta ga ta.

Ban taɓa sanin zaman kallo yana da wahala haka ba. Doguwa ta iya aiki, ba zan ci haƙƙinta ba, amma hannunta na da nauyi, kuma tana yawan rage gefen dama fiye da hagu. Ta tsefe ragowar, ta fara datsewa. Gashi yana zuba a kan tawul, ni ina matse hannuwa a cinya.

"Kin bar tudu ta bayan kunne," na ce.

"Na gani."

"Ki ɗan karkata almakashin."

"Ke, fita ki sayo mana ruwa mai sanyi," in ji Doguwa. "Ko ki yi shiru, ko ki fita."

Ban fita ba. Na ɗauko waya na buɗe shafin shagon na fara goge hotunan Bebi. Ɗari biyu da sittin da wani abu ne. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, don ban san yadda ake haɗa su ba, kuma ba zan tambayi Bebi ba. Rabin kwastomomina ta hotunan nan suka san ni. Ina gogewa ina jin Doguwa tana tambayarta a hankali, "Nan ya yi miki, ko in ƙara ragewa?" ita kuma tana amsawa, har da nuna wuri da yatsa. Shekara tara ban tuna na taɓa tambayarta ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don ban san a kan wa zan sauke shi ba.

Da aka gama, gashin bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ta daɗe tana kallon madubi, tana shafa ƙeya. Abin takaici, ya yi mata kyau. Wuyanta ya fito, ta koma kamar ƙanwar Abbansu.

Na miƙa mata wayar. "Duba. Babu ko ɗaya."

Ta duba har ƙasa. "Akwai wanda ke jikin allon waje."

Na manta da shi. Babban hotonta tana shekara bakwai, a saman ƙofa, kusa da sunan shagon. Washegari Abbansu ya zo da tsani ya sauke, yana ƙunshe dariya. Na ce idan ya bari dariyar ta fito, shi da shayin safe sai dai a shagon wani.

Ba zan ce abubuwa sun gyaru ba. Yaran sun daina, ko sun koma yi a inda manya ba sa gani. Ƙofa tana nan a rufe. Na ba ta haƙuri wata safiya tana ɗaura takalmi, ta ce "To," ta ɗauki jaka. Na yi kwana uku ina juya "to" ɗin nan. Duk sati biyu takan zo wurin Doguwa a rage mata, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Matar mai kantin magani ta tambaya ko ciwo yarinyar ta yi aka aske ta, na ce mata yayi ne, ita ce ba ta sani ba.

Bayan kamar wata biyu, wata Juma'a da rana, ta shigo da wata yarinya gajera mai kumatu, da gashi a tsefe.

"Mama, ƙawata ce. Yayarta za ta yi aure, tana son kitso. Na ce mata ta zo wurinki." Ta rage murya. "Don Allah kar ki yi mata tambayoyi."

Ta koma kujerar ƙofa ta toshe kunnuwa. Ban yi tambaya ko ɗaya ba, ban ma samu dama ba. Yarinyar nan kamar rediyo. Kafin in gama tsaga ta uku na san malamin lissafi ya yi sabon aure, na san wadda aka kama da waya a jarrabawa, na san Bebi ce ke yi wa rabin aji zanen taswira. Sai ta ce, "Mama, za ki zo ranar Alhamis ai ko?"

"Me ake yi ranar Alhamis?"

"Gasar gudu mana. Ita ce za ta wakilci ajinmu. Ta fi kowa gudu, har ta wuce 'yan aji uku."

Na kalli Bebi ta madubi. 'Yata tana gudu. Wata biyu tana zama bayan an tashi, tana ce mini darasi ake ƙara musu. Na yi mata alama ta cire abin kunnen.

"Ashe gudu kike yi."

Ta harari ƙawar. "Ba wani abu ba ne."

"Zan zo."

Ta daɗe tana murza igiyar abin kunnen. "Ki zo. Amma ki zauna a baya. Kuma kar ki kira ni, kar ki ɗauki hoto."

Ranar Alhamis na rufe rabin yini, na bar wayata a shago don kar shaiɗan ya ja ni. Na zauna a layin ƙarshe tsakanin wani tsoho mai barci da wata mai goyo. Masu gudun su takwas ne a layi. Da aka busa usur ta tashi a baya, a kwana ta wuce biyu, ta sake wuce uku, ƙafafun nan dogaye da ban lura sun yi tsawo haka ba. Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Duk filin nan sai da ya ji sunan Bebi, tsohon ma ya farka.

Ta zo ta uku. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na ukun ta leƙo kicin ta tambaye ni ina na ajiye farar safarta.